Sun Ce An Riga An Biya Mijina Kuɗin Ido

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan guruf, barkanmu da war haka. Admin don girman Allah ka sa min wannan ba tare da sunana ba, mutanenmu a nan ba su da yawa, kowa ya san kowa, sunayen da na ambata ma duk na canza su. Don Allah ku ba ni shawara, musamman wanda ya san dokar aiki ta Masar ko wanda irin wannan ya taɓa faɗa wa, domin ni kam kaina ya kulle, kuma ranar Alhamis ɗin nan ake jiran amsarmu. Ku yi haƙuri rubutun zai yi tsawo, in ban faro daga tushe ba ba za ku gane inda matsalar take ba.

Ni 'yar Katsina ce, karatu ne ya kawo ni Alkahira, na zauna a Abbasiya da wasu 'yan mata ɗalibai 'yan uwana, kafin in gama Allah Ya kawo aure. Mijina, zan kira shi Malam a nan don haka nake ce masa a gida, Bahaushen Sudan ne, kakanninsa ne suka taso daga ƙasar Hausa da niyyar Hajji suka yada zango a can suka hayayyafa, shi bai taɓa taka Najeriya ba, amma in ya buɗe baki Hausarsa irin ta tsofaffinmu ce, sai dai ya riƙa jefa Larabcin Sudan a tsakani. Ya daɗe a Masar tun kafin yaƙin ƙasarsu. Muna zaune a Hayyin Ashir a wani bene mai tsawo, mu da 'ya'yanmu mata biyu, da mahaifiyarsa da muke kira Inna, wadda ta gudo wurinmu lokacin da yaƙi ya ci garinsu. Ni kuma ina zuwa Dokki da safe ina koya wa yaran wata Hajiya 'yar Najeriya karatun Alƙur'ani, da shi muke ɗan cike giɓi.

Tun ranar da Malam ya fara zuwa wurina na san ido ɗaya gare shi, bai ɓoye ba, abin ma ba ya ɓoyuwa. Yana saurayi ya yi aiki a inda ake yanka dutsen marmara, tsinin dutse ya fallatso ya shige masa idon hagu, idon ya mutu. Allah Ya sa wurin sun yi masa rajista da ta'aminat, wato inshorar ma'aikata, sai aka kai shi gaban lajna, kwamitin likitoci ne da ke auna yawan abin da mutum ya rasa na lafiyarsa, suka yanke masa diyya aka ba shi a dunƙule sau ɗaya. A lokacin idon dama ma yana ta zubar da ruwa yana ganin dishi-dishi saboda ƙura da wahalar da ya sha, likitan ya rubuta a rahotonsa cewa na dama ma ya yi rauni. Malam ya ce abokansa har barka suka yi masa da wannan layin, wai zai sa a ɗan ƙara masa. Bayan ya bar ƙurar dutse idon ya washe tas. Wallahi tun da na aure shi ban taɓa ganinsa da tabarau ba, ƙaramin Alƙur'anin nan na aljihu yake karantawa, shi yake zura wa Inna zare a allura. Da kuɗin wancan idon ya kama gidan da muke ciki, da su ya biya sadakina, har yakan tsokane ni ya ce shi bai yi asara ba, ɗaya ya bayar ya samo biyu.

Daga baya ya samu aiki a wani kamfani da ke wajen gari, suna yin sabulun ruwa da maganin goge ƙasa da irin su bilicin. Shi ya roƙa a sa shi a sito, ya ce can babu inji babu abin da ke fallatsa, yana so ya tsare wanda ya rage. Sun ga idonsa kafin su ɗauke shi, har likitansu ya duba shi ya ce tamam, na dama lafiya lau. Manajan ma'aikatansu, Ustaz Magdi, mutumin Malam ne sosai, tare suke shan shayi, Malam ne ke jan su sallar azahar a wurin aiki. A irin wannan hirar ta shayi ya ba shi labarin idonsa duka, da lajna da diyyar da yadda ya yi aure da ita, suna dariya. Kamfanin ne ya yi masa izinin aiki, iƙamarsa, wato takardar zaman ƙasa, a kan aikin take, tawa da ta yara kuma a kan tasa suke rataye.

Ranar da abin ya faru ina Dokki, muna tsakiyar karatu da yara wayata ta yi ƙara, lambar Malam ce amma muryar wani Bamisire, yana magana da sauri yana haki, abin da na iya tsinta kawai shi ne ido da asibiti. Na ce wane idon? Ya yi shiru. Nan na gane na daman ne. Ban san yadda na sauko daga benen ba, ban san yadda na shiga mitro, jirgin ƙasan cikin gari, ba, Hajiyar ce ta biyo ni da takalmana har bakin titi. Ashe suna juye ruwan soda ne, mai ƙunar nan da ake haɗa sabulu da ita, daga duro zuwa tanki, mutum ɗaya bai zo aiki ba aka ce Malam ya fito daga sito ya kama musu, tiyon ya fashe ya watso masa a fuska. Gilashin kare ido ya daɗe da ƙarewa a wurin, shi da kansa ya sha rubuta musu a kawo, tun da shi ne mai sito. Abokan aikinsa suka yi ta kwara masa ruwa, amma kafin a kai asibiti abin ya riga ya ci.

Na same shi a kwance an naɗe masa fuska da bandeji, hannuwansa biyu a kan ƙirji kamar mai jiran a yi masa sallah. Ban yi magana ba na tsaya a bakin gado, sai ya ce, "Ke ce? Na ji takunki." Na ce ni ce Malam. Ya ce, "Kada ki gaya wa Inna tukuna, ki ce mata zazzaɓi ne." Ya laluba ya kama gefen hijabina ya riƙe, bai sake ba har aka zo aka kore mu. Mutumin da ko hannuna ba ya riƙewa a gaban mutane.

Yanzu an cire bandeji, idon ya yi fari kamar an ɗiga madara a ciki. Yana bambance haske da duhu, in ya fuskanci taga ya san taga ce, in mutum ya gifta ya ga inuwa, shi ke nan. Likitan ya ce akwai tiyatar da za a iya yi, bai ɗauki alkawari ba amma ya ce akwai fata ya dawo da wani abu, ko da ganin hanya ne da fuskar mutum, sai dai ba a so a ja lokaci. A asibitin inshora layi ne mai tsawo, an rubuta sunansa an ce mu jira kira. A asibitin kuɗi kuwa gobe ma sai a yi, amma ko kayan gidanmu duka muka sayar ba za su kai ko'ina ba.

Da farko kamfanin sun yi mana kirki, ba zan ci haƙƙinsu ba. Ustaz Magdi ya zo asibiti, ya zo gida da ledar lemo da gwaiba, ya rungume Malam yana ba shi haƙuri da Larabci, ma'alish ma'alish ya akhi, ya ce kada mu damu da komai. Na saki jiki. Sai zuwansa na baya-bayan nan ya zo da wani mutum mai kwat da ban sani ba, ya ce lauyan kamfani ne, suka zauna a falo na kawo shayi, zan koma ciki Malam ya ce in zauna tun da ni ce zan karanta masa duk abin da aka kawo. Mai kwat ɗin ne ya yi magana, a hankali, cikin ladabi, ladabin ma shi ya fi ba ni tsoro. Ya ce sun nemo tsohon fayil ɗin Malam na wancan hatsarin, kuma a ciki an rubuta ƙarara cewa idon dama yana da rauni tun lokacin, kuma an sa wannan raunin cikin lissafin diyyar da aka ba shi. Ya ce saboda haka in aka je lajna abin da za su yi shi ne su cire na da daga na yanzu, idon hagu an riga an biya, wani kaso na idon dama ma an riga an biya, abin da zai rage ɗan kaɗan ne, shi ma sai an sha zirga-zirga kafin ya fito. Ya ce doka ba ta biyan abu ɗaya sau biyu.

Na ce wa lauyan, ya Ustaz, mutumin nan da ƙafarsa yake zuwa aikinku yana rubuta muku kaya da hannunsa, yau ba ya iya zuwa banɗaki sai an ja shi, ta yaya za a ce abin da ya rasa kaɗan ne? Ya ce ya fahimce ni, amma su a wurinsu ido ɗaya ya lalace, ba su ne suka lalata ɗayan ba. Malam ya juya fuskarsa wajen da yake jin numfashin Ustaz Magdi, ya ce, "Kai ka ba su labarin?" Ustaz Magdi ya sunkuyar da kai yana juya cokali a kofi, ya ce fayil ne, ko bai faɗa ba za su gani.

Daga nan suka ajiye tayinsu. Malam ya sa hannu a takarda cewa rashin ganinsa asalinsa tsohon ciwo ne da ya taso, kuma ya ajiye aiki da kansa ba ya bin kamfani komai. Su kuma nan take za su biya kuɗin tiyata a asibitin kuɗi, su ba mu wani abu mu riƙe, su sabunta masa iƙama sau ɗaya don ya samu ya yi jinya. In kuma mun ƙi, to kowa ya bi hanyar doka, su ba su hana ba, sai dai izinin aikinsa ya kusa ƙarewa kuma ba su ga yadda za su sabunta wa wanda ba ya iya aiki ba. Lauyan bai ɗaga murya ba, bai ce za a kore mu daga ƙasa ba, amma duk wanda ke zaune a nan ya san abin da ake nufi in an ambaci iƙama. Suka bar takardar a kan tebur suka ce mu yi shawara.

Akwai wani dattijo a layinmu, Baba Idrisu, shi ma Bahaushen Sudan ne, abokin mahaifin Malam. Inji ya taɓa cinye masa yatsu aka biya shi, bayan shekaru kuma ya faɗo daga kan gini ya karya ƙugu. Na je na same shi a bakin shagonsa na kwashe komai na gaya masa. Ya ce, "'Yata, ku karɓa. Ni haka suka yi min, suka ce yatsu an biya, suka cire. Na yi ta hawa mota ina sauka da sanda, wannan ofis ya tura ni wancan, da abin ya fito ko kuɗin motar da na kashe bai mayar ba. Mu baƙi ne, wanda ya ba ka a hannu shi ne ya ba ka." Na dawo gida jikina a sanyaye, na ce to shi ke nan.

Amma Hajiyar Dokki da ta ji ta ce kada mu kuskura mu sa hannu sai wani ya duba, ta haɗa ni da wata lauya Bamisiriya da ke da ofis kusa da su, mace mai kirki, ba ta karɓi ko sisina ba. Ta karanta takardar kamfanin ta ajiye ta da yatsa biyu kamar ƙazanta. Ta ce min akasin duk abin da na ji. Ta ce a yadda ta san dokar, in hatsari na farko da na biyu duk a bakin aiki suka faru, kuma in aka haɗa su nakasar ta yi girma, to haɗa su ake yi ba cirewa ba, a dubi mutumin yadda ya koma gaba ɗaya, kuma irin Malam da ya rasa duka biyun yana iya samun fansho duk wata har ƙarshen ransa. Ta ce tsohuwar diyyar ba abokiyar gabarmu ba ce, tana ma iya zama ita ce hujjarmu. Abin da ya sa kamfanin ke gaggawa kuwa, ta ce maganar gilashin kare ido ce, in aka bincika aka ga sakacinsu ne akwai wata ƙarar daban da za ta hau kansu. Ta ce ranar da ya dangwala a takardar nan ya rufe wa kansa duka ƙofofin, don ya shaida da bakinsa cewa ba hatsarin aiki ba ne.

Har na fara jin sanyi a raina sai ta ce in tsaya, ba za ta yi min ƙarya ba. Layin nan da tsohon likita ya rubuta a kan idon dama haɗari ne na gaske, za su kama shi su riƙe, sai mun kawo shaidar cewa idon lafiyarsa ƙalau kafin soda ta taɓa shi. Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce gwajin da likitan kamfani ya yi masa lokacin ɗaukarsa aiki, ita kuma tana hannun kamfanin. Na nuna mata bidiyo a wayata, Malam yana zura wa Inna zare yana dariya, da wani yana biya wa babbar 'yarmu karatu yana bin layi da yatsa. Ta kalla har ƙarshe, ta ce Allah Ya ba shi lafiya, amma likitocin lajna takarda suke dubawa. Ta ce mu nemi wanda ya ga hatsarin. Na kira Bamisiren nan da ya kira ni ranar, bawan Allah har kuka ya yi a waya, ya ce ya ga komai, shi ya fara zuba masa ruwa, amma yana da yara kuma an riga an tara su an ja musu kunne, in yafe masa. Na tambayi lauyar tsawon lokacin da abin zai ɗauka, ta ce ba ta sani ba. Na tambaye ta iƙama fa, ta ce za ta gwada amma wannan ba a hannunta yake ba. Kuma ta ce kasancewarsa baƙo akwai sharuɗɗan da sai ta bincika tukuna. Na ce Baba Idrisu fa, me ya sa aka cire masa? Ta ce ba ta ga fayil ɗinsa ba, ƙila lokacin ba shi da rajista, ƙila kuma cutarsa aka yi.

Kun ga inda na tsaya, mutum biyu, duk ba wanda ke da abin da zai ci a jikina, kowa ya rantse da abin da ya sani, kuma maganarsu ba ta haɗu ba ko ta gefe.

A gida kuma Inna tun da ta fahimci maganar ta shafi iƙama ta daina cin abincin kirki. Ita ta ga abin da ta gani a hanya kafin ta iso nan, ba ta ba da labari, amma in ta ji an buga ƙofa da ƙarfi sai ta miƙe tsaye ta rarumi mayafinta. Kullum maganarta ɗaya, 'yata ku ba su abin da suke so, kada a mayar da mu. Ban san yadda zan yi mata bayanin lajna da fansho ba, in na fara sai ta kama kuka ta ce ita ɗanta take so ya gani.

Malam da farko yana bayana. Ya ce ba zai sa hannu a kan ƙarya ba, idonsa lafiya yake soda ce ta ƙone shi, ko za a yanka shi ba zai ce tsohon ciwo ba ne. Abin da ya juya shi wata safiya ce ta makon jiya. Babbar tana makaranta, na raka Inna karɓo maganin hawan jininta a ƙasan layi, na bar shi da ƙaramar, ba ta kai shekara uku ba. Na ce yanzu za mu dawo. Muna dawowa tun daga matakala nake jin muryarsa yana kiran sunanta, muryar da ban taɓa jin ta fito daga bakinsa ba. Na buɗe ƙofa na same shi a durƙushe a bakin baranda, ya tare ƙofar da jikinsa, hannu ɗaya yana shafa ƙarfen barandar yana lalube, jallabiyarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, goshinsa ya fashe inda ya bugi kusurwar tebur. Ashe yarinyar ce ta yi shiru, ya kira ba ta amsa ba, ya ji iska na shigowa ya san ƙofar baranda a buɗe take, kuma mu a sama muke sosai. Da rarrafe ya zagaye gidan yana laluben ta. Tana ƙarƙashin gado ta toshe bakinta da hannu, wai wasan ɓuya take yi da Abba. Da na jawo ta na sa masa a jiki ya shafa kanta ya shafa ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya, bai yi mata faɗa ba, bai yi min ba, ya dai zauna a ƙasan har aka kira azahar.

Tun ranar ya ce a kira Ustaz Magdi zai sa hannu. Mun yi faɗan da ba mu taɓa yi ba tun aurenmu. Na ce masa takardar ƙarya ce kuma shi ya faɗa da bakinsa, ya ce Allah Ya san wanda aka tilasta. Na ce in aka yi tiyatar ba ta yi ba fa, mun rasa ido mun rasa haƙƙi, ga yara ga Inna, da me za mu riƙe su, ya ce in aka jira lajna idon ya ƙarasa mutuwa fa, lauyar za ta ciro nata ta ba shi? Na ce ya ba ni lokaci kaɗan in nemi wata hanya, ko a tara mana a masallaci ko ɗalibai 'yan uwana su taimaka, ya ce bai yarda in kai sunansa ko'ina ba, ya riga ya zama abin ja a hannu ba zai ƙara zama abin yi wa kiran taimako ba. Ƙarshe ya ce min idonsa ne, ba nawa ba, ni ina gani shi ya sa nake da haƙurin jira. Wannan maganar ta shige ni. Ya ce in ba zan kai shi kamfanin ranar Alhamis ba zai sa su zo gida ya dangwala musu, ba sai an karanta masa ba.

Akwai kuma abin da ban gaya masa ba. Babana ya kira daga Katsina ya ce in kwaso yara in dawo gida har abubuwa su daidaita, zai aiko da kuɗin jirgi. Malam ba shi da takardar shiga Najeriya, Inna ma haka, in na tafi na bar makaho da tsohuwa a saman bene a garin da ba nasu ba. Na ce wa Baba to, zan yi tunani, don ba na iya ce masa a'a, amma na san ba inda za ni. Sai dai in iƙamar ta faɗi ban san ko zaɓin zai rage a hannuna ba, ƙila ni da yara a tura mu wata ƙasa, shi da Inna a tura su wata.

Wallahi tsoro nake ji 'yan uwa. In ina mitro na ga ɗan sanda sai in sauya wuri alhali takarduna ba su ƙare ba tukuna. In na tsaya sallah sai in rasa raka'a ta nawa nake. Ina tsoron in hana shi, lokacin tiyata ya wuce, ya ƙare rayuwarsa a duhu yana sane da cewa ni ce na tsaya a hanya. Ina tsoron in bar shi, a yi tiyatar a buɗe bandeji ya ce min har yanzu inuwa yake gani, kuɗin da suka ba mu su ƙare, in je wa lauyar nan ta ce ai na gaya miki. Kuma ban taɓa saɓa wa mijina a babban abu ba, ban san ma ko ina da hurumin hana shi ba.

Ba roƙon kuɗi na zo ba, ya hana ni kuma ba zan ci amanarsa ba. Sani nake nema. Wanda ya san dokar ta'aminat ta ƙasar nan ya gaya min gaskiya, haɗawa ake yi ko cirewa, kuma baƙo yana samu kuwa? Wannan layin na tsohon likita zai iya kashe mana magana gaba ɗaya? Akwai hanyar da za a tilasta wa kamfani ya fito da gwajin da suka yi masa? Akwai wanda ya taɓa riƙe iƙamarsa yana shari'a da wurin aikinsa? Likitocin ido na cikin guruf ɗin nan, idon da soda ta ƙona yana iya jira, ko da gaske kowace rana cinye shi take? Malamai kuma ku gaya min, in na ƙi kai shi na saɓa wa Allah, ko in na kai shi ya sa hannu a kan abin da mu duka muka san ba gaskiya ba ne shi ne na saɓa?

Yau da safe ya ce in wanke masa farar jallabiyarsa ta Juma'a in goge, ita zai sa ranar Alhamis, ba ya so su gan shi a wulaƙance. Na wanke, na goge, na rataye a jikin ƙofa, ya tashi ya laluba ya shafa ta ya ce Allah Ya yi min albarka. Shi a ganinsa na yarda ke nan. Ni kuwa ban yarda ba, ban kuma ƙi ba. Don Allah ku gaya min, ranar Alhamis in kama hannunsa in sauko da shi daga benen nan, ko in tsaya a bakin ƙofa?